Haruffan bulo-bulo da rigimar ƙugiyar ɗ

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga nan Kano ne kamar kullum, ni da Maryam da Sadiƙu. Yau dai ba sai an yi dogon sharar fage ba, duk wanda yake guruf ɗinmu na WhatsApp ya san abin da ya hana mutane barci satin nan, wato gina haruffa da bulo-bulo a takarda mai gida-gida.

Maryam: Ai ni sai da na kashe ƙarar guruf ɗin wallahi, ka buɗe waya ka ga hotunan takarda mai gida-gida kowa ya cike da baƙin biro, wannan ya turo A ɗinsa wancan ya turo S ɗinsa ana ta musu har ɗayan dare.

Sadiƙu: Kuma Yaya Auwalu ne ya kunna wutar, shi ya fara turo haruffansa.

Auwalu: Ni na kunna, kuma ina nan kan bakana. Kun ga abin da ya sa mutane suka kamu da shi, ba ya buƙatar ka iya zane. Ka samu takardar lissafi mai gida-gida, ka ce harafina faɗinsa gida 5 ne tsayinsa gida 7, shikenan, ko dai ka cike gida ko ka bar shi fari, babu na uku. Wanda yake da data kuma ya shiga FontStruct a burauza, kyauta ne, wani bawan Allah Rob Meek ne ya ƙirƙiro shi aka buɗe a 2008, a can bulo suke kiran abin da kake jerawa, akwai mai kusurwa huɗu akwai mai lanƙwasa akwai rabin gida a karkace, ka gama jerawa ka sauke fayil ɗin haruffan, wato TrueType, ka saka a kwamfutarka ka yi rubutu da haruffan da kai ka gina da hannunka. Ranar da mutum ya fara buga sunansa da nasa zubin haruffan, wato font, Hajiya Maryam ki bari kawai.

Maryam: To ni abin da na gani, ai ɗinkin hula ne wannan. Masu ɗinkin hula a unguwarmu haka suke ƙirga zare, a tsallake kaza a soka allura a kaza, zanen ya fito daidai ba wanda ya riƙe rula.

Auwalu: Yauwa! Shi ya sa nace abin ba baƙo ba ne a gurinmu. Kuma ki duba rubutun Larabci na Kufi mai kusurwa, wanda ake jera shi da bulo a bangon masallatai da makarantu a Samarkand da Isfahan, sunan Allah da na Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, duk a cikin layuka miƙaƙƙu babu lanƙwasa ko ɗaya, kaurin layi daidai da faɗin filin da ke tsakani. Ɗaruruwan shekaru kenan kafin a san wata kwamfuta. Su ma Turawa daga baya sun yi nasu, akwai wani ɗan Holan Theo van Doesburg a 1919 ya yi haruffa a kan gida 5 sau 5, sai wani ɗan Holan ɗin kuma Wim Crouwel a 1967 ya fito da nasa don na'urorin buga rubutu na wancan lokacin da ba sa iya fitar da lanƙwasa da kyau, sai yace to a daina wahalar da na'ura, a yi mata haruffan da za ta iya.

Sadiƙu: Na ga hoton na Crouwel ɗin da ka turo Yaya, ni fa wasu haruffan ban iya karanta su ba.

Auwalu: Ba kai kaɗai ba, tun a lokacin an yi ta ce-ce-ku-ce a kai.

Maryam: Amma mu ai mun taso da irin haruffan nan ba mu ma sani ba. Nokia 3310 fa, duk rubutun cikinta ɗigo-ɗigo ne.

Auwalu: Fuskarta gaba ɗaya ɗigo 84 ne a kwance 48 a tsaye, ki yi tunani, a nan ake karanta tes a nan ake yin Snake.

Sadiƙu: Ita ce rakani kashi ko?

Maryam: Kai Sadiƙu! Ina 3310 ta ga tocila?

Sadiƙu: Wallahi Anti Maryam ta gidanmu tana da tocila.

Maryam: To ba 3310 ba ce. 1100 ce mai tocila a ka.

Sadiƙu: Mai launin toka-toka, gefenta kamar roba...

Maryam: Ita ce 1100 ɗin! Ka ga ka kama kanka da kanka.

Auwalu: (dariya) Maryam ce da gaskiya, 3310 ta fito a 2000, 1100 sai 2003, kuma ita ce mai fitilar.

Sadiƙu: To amma Snake ɗin ai duk ɗaya ne.

Maryam: Kai da ba a ba ka wayar sai an tafi masallaci. Yayana fa sai ya cika fuskar wayar nan da maciji har babu inda zai juya, muna zagaye da shi a soro ba mai numfashi, in ka yi tari ya mutu to ranar ka shiga uku.

Sadiƙu: Ni ma na taɓa cikawa.

Maryam: A mafarki.

Sadiƙu: Akwai shaidu a Fagge har gobe.

Maryam: A kira su a saka su a shirin, ni zan biya kuɗin adaidaita.

Sadiƙu: Ɗaya yana Abuja yanzu.

Maryam: Ai dama, shaidar rakani kashi kullum tana Abuja.

Auwalu: (dariya) To jama'a duk mai tsohuwar 3310 da take tashi ya kawo mana, a ba Sadiƙu a gaban makirfo a gani. Mu dawo, don abin da nake so na faɗa ban ma fara ba.

Maryam: Bismillah Malam.

Auwalu: Duk hotunan da aka turo guruf ɗin nan na bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan kowa daga A ya fara ya tsaya a Z. Har da Q da X da V, waɗanda Hausa ba ta ma amfani da su. Amma ɓ da ɗ da ƙ fa? Mutum biyu ko uku ne suka tuna da su. Wannan shi yake ci mini rai, Bahaushe ya zauna ya ɓata dare yana gina haruffa amma zubin da ya gama ba zai iya rubuta ƙofa ko ɗaki ko ɓera da shi ba. Kuma mu ne fa kullum muke kuka, ka kai aikin katin biki ko bana gurin masu CorelDraw, a zaɓi zubi mai kyau, ana zuwa kan ƙ sai akwati ya fito ko kuma harafin ya zo da wani zubi daban siriri a tsakiyar masu kauri, daga ƙarshe mai aikin ya cire ƙugiyar ko ya ɗauko wani guntun lanƙwasa ya manna da hannu. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara a Zariya a 1939, ake fama da maganar haruffan nan a gurin buga rubutu, yanzu ga dama ta zo hannunmu kyauta sai mu ma mu tsallake su?

Sadiƙu: Yaya gaskiya wuya suke da ita. Na gwada ɓ a gida 5 sau 7 sai ta fito kamar lamba 6.

Auwalu: Madalla, to nan ne daɗin yake, bari na nuna maka me ya faru. Ɗauko takardar. Ƙaramin b, cikinsa yana cin layi 5 na ƙasa, sandarsa ta hau sama da layi 2 kacal. To ƙugiya tana so ta fito daga kan sandar ta lanƙwasa dama, ka cike gida biyu ko uku a layin sama, saura layi ɗaya tal tsakaninta da cikin harafin, ido yana gani zai ce 6 ne, in kuma ka sauko da bakin ƙugiyar gida ɗaya ta taɓa cikin sai ta koma 8. Magani biyu ne, ko ka rage tsayin cikin ya koma layi 4 ka ba ƙugiya guri, ko ka ƙara tsayin gidajen gaba ɗaya ya koma 9. Ni na biyun na fi so, don in ka matse cikin to a da e da s duk za su shaƙe, su ne suke buƙatar layi 5 ɗin nan don suna da hawa uku.

Maryam: To ɗ fa? Ita ce aka fi musu a kanta.

Auwalu: Ita ce uwar rigima. Sandar d a gefen dama take, a gida na biyar, ƙugiyar kuma dama za ta lanƙwasa, to ina za ta je? Ta fita daga filin. Wani a guruf ya juya ta hagu don ta zauna a ciki, na ce masa Malam wannan ba ɗ ba ce kuma, wani harafi ka ƙirƙiro. Sai dai ka ba ta gida na shida da na bakwai, ta fi sauran faɗi, sannan ka zo kan tazara, don in ka rubuta ɗa sai ka ga rami a ƙarƙashin ƙugiyar tsakanin ɗ da a, dole ka jawo a ɗin ya shigo ƙarƙashinta, amma in ɗ biyu suka haɗu kamar a haɗaɗɗe ko wani dogon harafi ya biyo baya ba za ka jawo ba sai su yi karo. Manyan kuma nasu daban, Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu ta hagu take fitowa daga sama, Ƙ kuma a hannunta na sama na dama take lanƙwasawa. Kowanne sai ka zauna ka yi masa shari'a.

Maryam: Kuma mutanen Nijar suna saurarenmu, kar a manta da ƴ.

Auwalu: Allah ya yi miki albarka. Mu a Najeriya 'y muke rubutawa, su kuma ƴ mai ƙugiya, to a saka duka, har da alamar hamzar nan ta 'ya'ya a yi mata gida mai kyau kar ta manne da harafi.

Sadiƙu: Ni a shafin FontStruct ɗin ma ban ga inda ɓ take ba.

Auwalu: Ba a jerin farko take ba, sai ka shiga rukunonin Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta. Kuma abin haushin ba guri ɗaya suke ba, ƙ lambarta 0199 tana rukuni ɗaya da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ, amma ƙananan ɓ da ɗ, 0253 da 0257, suna can rukunin alamomin masana furuci. Shi ya sa wani zubin za ka ga yana da ƙ amma babu ɗ. In ka zana harafin a gurbin da ba nasa ba, ka danna a kibod ba zai fito ba.

Maryam: To ajami fa Malam Auwalu, tunda ka kawo Kufi?

Auwalu: Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Akwai zubin da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar mai suna Alkalami, a kan rubutun Kano aka gina shi, irin mai kaurin nan na allo da Alƙur'anan da ake sayarwa a Kurmi. Amma wannan hannu ne da tawada, lanƙwasa ce ransa. Abin da nake so na gani shi ne wani ɗan tsangaya da ya iya riƙe alƙalami ya zauna da takarda mai gida-gida ya gwada ajamin Hausa da bulo, ya ga yadda zai yi da ɗigo da wasali da haɗa harafi da harafi, don a ajami harafi ɗaya siffarsa a farko daban a tsakiya daban a ƙarshe daban, aikin ya ninka ba kaɗan ba, kuma ni na tabbata a garin nan akwai...

Sadiƙu: Yaya, mai ɗakin ɗaukar yana ɗaga mana hannu, wasu ne za su shiga bayanmu.

Maryam: Kuma ba mu karanta saƙonnin ba, ba mu zaɓi wanda S ɗinsa ta fi ba, mun yi alkawari fa.

Auwalu: Kai, lokacin ya tafi? To a bar S sai sati mai zuwa. Abu ɗaya, duk wanda zai turo haruffa daga yau ya haɗo da ɓ ɗ ƙ manya da ƙanana, ya faɗi gida nawa ya yi amfani da shi.

Sadiƙu: A takarda ko a kwamfuta?

Auwalu: Ko a bayan kwalin ashana ne, ya dai ɗauki hoton a haske.

Maryam: To mun gode jama'a, sai mun haɗu.

Sadiƙu: Sai an jima.