Birtaniya da Ruwanda: Baki Biyu Kan Masu Neman Mafaka

Daren 14 ga Yunin 2022, wani jirgin sama na tsaye a sansanin sojan Boscombe Down a Ingila, an riga an shigar da wasu masu neman mafaka, cikinsu har da 'yan Iraƙi da 'yan Iran. Kigali, babban birnin Ruwanda, za a kai su, garin da ba su da kowa. Ana dab da tashi sai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a dakata. Aka sauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wata biyu kafin nan, Priti Patel, sakatariyar harkokin cikin gida a gwamnatin Boris Johnson, ta je Kigali ta sa hannu a yarjejeniyar: wanda ya ƙetaro teku a ƙaramin kwalekwale za a iya tura shi Ruwanda, can za a saurari kokensa, kuma ko an amince da shi, can zai zauna. Gwamnati ta ce Ruwanda ƙasa ce mai aminci.

To, masu kallo, ku riƙe wannan kalma, aminci. A Janairun 2021, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva, ita dai wannan Birtaniya ce ta nemi Ruwanda ta binciki kisan gilla da azabtarwa da mutuwar mutane a tsare. Bayan sa hannun ma, ofishin da ke shirin tura mutane Kigali bai daina ba wasu 'yan Ruwanda mafaka ba, don ya yarda rayuwarsu na cikin haɗari a gida. Wannan ne ya fi ci mini rai. Sun sani sarai.

Ranar 15 ga Nuwamban 2023, alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka yi ittifaƙi cewa shirin ya saɓa doka. Sun tuno yadda 'yan sandan Ruwanda suka harbe 'yan gudun hijirar Kwango aƙalla 12 a 2018, mutanen sansanin Kiziba da suka fito zanga-zanga don an rage musu abinci. Sun duba yarjejeniyar tura masu neman mafaka da Isra'ila ta taɓa yi da Ruwanda, inda aka riƙa tsallakar da waɗanda aka kai zuwa Uganda a ɓoye. Sun kuma ji shaidar UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa daga 2020 zuwa 2022 Ruwanda ba ta amince da koken ɗan Siriya ko Yaman ko Afghanistan ko guda ba. Ma'ana, ana iya mayar da mutum hannun waɗanda ya guje wa, abin da yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta haramta, Birtaniya kuwa na cikin waɗanda suka sa mata hannu.

Maimakon gwamnatin Rishi Sunak ta janye, sai ta kai ƙudiri majalisa. A Afrilun 2024 aka yi dokar da ta umarci kotuna su ɗauki Ruwanda a matsayin ƙasa mai aminci, ko me shaida ta nuna.

Keir Starmer ya soke shirin da hawansa mulki a Yulin 2024. Gwamnatinsa ta ce an kashe fam miliyan 700, mutum huɗu kacal suka tafi Kigali, su ma da amincewarsu. Dubban da aka aika wa takardar cewa ana iya tura su, wasunsu sun shekara biyu suna jira ba a ko buɗe fayil ɗinsu ba.