Yadda ake ɗebewa idan lambobin ƙasa ba ɗaya ba ne

Ku dubi allo. An ce a ɗebe sulusi daga uku bisa huɗu, wato 3/4 a cire 1/3. Ɗalibai da yawa sai su cire sama daga sama, ƙasa daga ƙasa, su sami 2/1, wato biyu cif. Tun daga nan an san an ɓata. Abin da bai kai ɗaya ba, an rage shi, ta yaya zai koma biyu?

Lambar ƙasa ba adadi ba ce da ake ragewa. Girman yanki take faɗa. Rubu'i da sulusi ba girmansu ɗaya ba, don haka sai an sake yanka su daidai kafin a ɗebe.

A nemi ƙaramar lambar da 4 da 3 duk suke shiga cikinta ba saura. Ninkin 4: 4, 8, 12. Ninkin 3: 3, 6, 9, 12. Sun haɗu a 12.

Huɗu sau nawa ya ba da 12? Sau uku. To a ninka sama ma sau uku, 3/4 ya zama 9/12. Sulusi kuwa sau huɗu, ya zama 4/12. A nan ake yawan tuntuɓe: mutum ya ninka ƙasa ya mance sama, ya rubuta 3/12, alhali rubu'i ɗaya ke nan, ya zubar da biyu. Duk abin da aka yi wa ƙasa, a yi wa sama.

Yanzu a ɗebe lambobin sama kaɗai. Tara ban da huɗu, saura biyar. Amsa 5/12. Sha biyun nan ba a taɓa ta.

Wani zai ce, me zai hana in ninka lambobin ƙasan biyu da juna, in sami lambar da za su haɗu a kai? Babu laifi, sai dai wani lokaci aiki ya ƙaru. A 5/6 a cire 1/4, ninkawa za ta kai ka 24: 20/24 ban da 6/24, saura 14/24, sai ka sake raba sama da ƙasa da biyu kafin ka iso 7/12. Da 12 ka fara, da tuni ka gama.

Masu rabon gado sun daɗe da wannan lissafi, lambar da ake haɗuwa a kai suna ce mata asalin mas'ala. Mutum ya rasu ya bar mata, mahaifiya da 'ya'ya maza. Bayan an biya bashi da wasiyya, mata tana da sumuni, 1/8, mahaifiya sudusi, 1/6. Takwas da shida suna haɗuwa a 24. Dukiyar duka 24/24 ce, a cire 3/24 na mata, a cire 4/24 na mahaifiya, 'ya'yan su raba 17/24.

Ku tsayar da bidiyon nan, ku gwada 7/8 a cire 5/6. Asalin dai 24 ne.