Sharhi: Shekarun haihuwa da shekarun bincike

Assalamu alaikum masu sauraro. Sharhinmu na yau zai waiwayi lambobin yabo da ake bai wa matasan masana kimiyya a ƙasashe masu tasowa, musamman masu nazarin fiziks da kemistiri da lissafi, da kuma abin da ya shafe mu a ciki mu mutanen Kano.

Asalin yawancin waɗannan kyaututtuka yana komawa ga Farfesa Abdus Salam, ɗan ƙasar Pakistan da ya ci lambar Nobel ta fiziks a 1979. Shi ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a birnin Trieste na Italiya a 1964, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar masana kimiyya ta TWAS a 1983. Salam ya ɗanɗana abin da ya sa shi yin hakan. Ya koma gida Lahore da digirinsa daga Ingila, ya tarar babu abokin tattaunawa, babu mujallun bincike, ala tilas ya sake komawa Turai. Burinsa shi ne kada wani ya sake tsayawa tsakanin ƙasarsa da iliminsa yana zaɓen ɗaya.

To, me ake nufi da "matashi" a nan? Wasu kyaututtukan shekarun haihuwa suke ƙirgawa. Lambar Ramanujan ta lissafi, wadda aka fara bayarwa a 2005, sai wanda bai kai shekara 45 ba. Mouhamed Moustapha Fall na Senegal ya ɗauke ta a 2022. Wasu kuwa daga ranar da mutum ya kammala digirin digirgir suke fara lissafi. Haka kyautar OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, da gidauniyar Elsevier take, wadda ake bai wa mata masu bincike da ba su wuce shekara goma da samun wannan digiri ba. A ganina wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma hujjata tana nan cikin garin nan.

A watan Fabrairun 2015, a birnin San Jose na Amurka, an karrama mata biyar da wannan kyauta ta OWSD da Elsevier a fannin fiziks da lissafi, kowacce da dala 5,000. Uku daga Najeriya suke, ɗaya daga Sudan, ɗaya daga Biyetnam. Cikin ukun nan akwai tamu, Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero. An haife ta a 1963 a Wangara, ƙaramar hukumar Gezawa. Ta gama sakandare ta yi aure, ta yi rainon 'ya'ya, ba ta shiga jami'a ba sai tana da shekara 29. Ranar da aka miƙa mata kyautar ta haura hamsin. Da shekarun haihuwa aka duba, da ko takardar nema ba za ta cike ba.

Kuma wannan ita ce hanyar da mata da yawa ke bi a nan. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin digiri na biyu a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ko sabuwa ta hanyar Gwarzo ya ga matan aure, wata da goyo, wata ta baro girki a gida. Mazan ma da dama sai sun yi shekaru suna koyarwa a sakandare kafin su tara abin komawa karatu. Ma'aunin da aka yanka wa wanda ya gama digirgir yana ɗan shekara 27 ba zai shige su ba.

Sai abin da Rabi'a take bincike a kai, wanda ba baƙonmu ba ne: ƙurar hunturu. Hazon nan da ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ya rufe mana gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ya tayar wa masu asma ciwonsu. Auna yawan ƙurar da yadda take tare hasken rana da sauya zafin gari aikin fiziks ne zalla, kuma babu wanda ya fi mazaunin Kano dacewa da yin sa, tunda kowace shekara har ƙofar ɗakinsa take zuwa.

Wani zai ce dala 5,000 me za ta saya? Gaskiya ne, ba za ta kafa ɗakin gwaji ba, na'ura guda mai kyau ma sai ta cinye ta. Amfanin kyautar yana wajen ƙofar da take buɗewa: gayyata zuwa taruka, abokan aiki a wasu ƙasashe, da sunan da masu ba da tallafi za su gane. A shekarar da Rabi'a ta karɓi tata, BBC ta sa ta cikin jerin mata 100 na duniya.

Abin da ya rage mana shi ne namu na gida. Attajiranmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau ba su gaza ba wajen gina masallatai da ɗaukar nauyin musabaƙa, Allah ya saka musu. Kyautar shekara-shekara ga mai binciken kimiyya a jami'o'in jihar nan ba za ta fi ƙarfin mutum ɗaya daga cikinsu ba. Idan Allah ya sa wani ya ɗauki wannan shawara, roƙona ɗaya ne: a ƙirga daga ranar kammala digiri, kada a tambayi takardar haihuwa.

Sai kuma wani makon idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.