Inda ido ke fara sauka: laccar zane da tsara shi

Assalamu alaikum, to ɗalibai na baya ku matso don abin da za mu yi yau na kallo ne. Duk wani zane da kuka sani, na bango ne ko na riga ko fostar da kuke haɗawa a waya, kayan aikinsa ƴan kaɗan ne, layi, siffa, launi, laushi ko kaushin abu, haske da duhu, sai kuma fili, wato wurin da aka bari ba a sa komai ba. Yadda ake jera su shi ne gwanintar.

Ku dubi wannan babbar rigar, aikin aska takwas ne. Aikin ya taru a hagu, kan aljihu, ya hau har kafaɗa, dama kuwa sai tambari guda ɗaya, wannan zagayen da ya nannaɗe kamar gammo, sauran yadin duk fili. To me ya sa rigar ba ta yi kama da ta karkace ba? Saboda askakin nan dogaye ne masu tsini suna jan ido ƙasa, shi kuma tambari zagaye ne yana tsayar da idon, kuma filin da ke kewaye da shi ya ba shi nauyi duk da ƙanƙantarsa. Wannan shi ne daidaito, kuma kun ga ba sai hagu da dama sun zama iri ɗaya ba. Ni dai a ganina wannan ya fi wuya, ya kuma fi kyau.

Launi ma ba sai an tara shi ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano da baba suke aiki, launi ɗaya, amma yawan tsomawa ke ba ka mai haske ko mai duhu, in aka kai wa mabuga suka buge shi ya ɗau sheƙi sai ka rantse wani launin ne daban alhali fuskar yadin ce kawai ta canza.

A gini kuwa ku nemi hotunan cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ku ga yadda bakan gizo, wato lanƙwasassun ginin da ke ɗauke da rufin, ke bin juna, maimaici kenan, shi ke sa ido ya yi ta tafiya ba ya tuntuɓe. Tsofaffin gidajen Zariya da na birnin Damagaram kuma a bakin zaure ake tara ado, dagi da sauransu, don baƙo ya san ƙofa tun daga nesa. Ba banza ba ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958 suna cewa a haɗa abin da aka koya a aji da abin da aka gada a gida.

Abin da ke damuna wallahi shi ne fostocin biki da na walima da nake gani yanzu, hoton ango, hoton amarya, furanni, rubutu iri biyar, ja a kan kore, ko ina an cike saboda ana ganin fili asara ne, ƙarshe mai karatu sai ya yi ta lalube bai ga ranar ɗaurin auren ba, wanda don ita aka yi katin. Kafin ka taɓa Canva, manhajar haɗa fosta, ka tambayi kanka wane abu ɗaya kake so ido ya fara gani, ka ƙara masa girma, ka sa shi a launin da ya saɓa da bayansa, rubutu kada ya wuce iri biyu. In ka gama ka miƙa wayar nesa ka ɗan runtse ido, abin da ya rage kana gani shi mutane za su gani.

Mako mai zuwa kowa ya zo da katin gayyata ɗaya da ya haɗa da baƙi da fari kawai. Masu tambaya bismillah, mu fara da ɓangaren mata.