Kwamiti Bayan Kwamiti: Abin da Ke Sa Rahoto Ya Sha Ƙura

Idan matsala ta sha wa gwamnati kai, sanarwar farko da aka fi ji ita ce an kafa kwamiti. A ba shi wata shida ko shekara, a ware masa kuɗi daga harajin jama'a don alawus ɗin mambobi, albashin sakatariya, ladan masanan da za a ɗauko daga waje, zagayen jin ra'ayin jama'a da buga rahoto. Ranar miƙa rahoto a ɗauki hoto, shugaban kwamiti riƙe da gefe ɗaya na kundin, shugaban ƙasa riƙe da ɗayan. Sau da yawa daga wannan hoton ba a ƙara jin ɗuriyarsa.

Ba wai kwamiti ba shi da amfani ba ne. Akwai tambayar da masana kaɗai ke iya amsawa: shekara nawa ya rage asusun fansho ya ƙare, ko me ya sa gada ta rufta. Amma akwai tambayar da babu lissafin da zai warware ta, wato wa za a ƙara wa haraji, wa za a rage wa tallafi. Wannan aikin wanda ya nemi ƙuri'a ne. Inda gizo ke saƙa shi ne shugaba ya miƙa wa kwamiti tambaya ta biyu, ya yi kamar irin ta farko ce.

Ku dubi Ingila. A 2010 gwamnati ta ɗora wa masanin tattalin arziki Andrew Dilnot aikin duba yadda za a biya kuɗin kula da tsofaffi, domin mutane na sayar da gidajensu su biya. A Yulin 2011 ya kawo amsa: a sa iyaka, kada abin da mutum zai biya daga aljihunsa ya wuce fam 35,000 a tsawon rayuwarsa, gwamnati ta ɗauki sauran. Aka yi doka a 2014, aka ɗaga iyakar zuwa fam 72,000, za a fara a 2016. Aka ɗage. A 2021 aka dawo da ita a fam 86,000, aka sake ɗagewa, a Yulin 2024 aka soke shirin baki ɗaya. A farkon 2025 kuma aka sanar da sabon kwamiti ƙarƙashin Louise Casey, wanda rahotonsa na ƙarshe sai 2028. Duk tsawon shekarun nan ba ilimi aka rasa ba, an rasa gwamnatin da za ta fito ta faɗa wa masu biyan haraji daga ina kuɗin za su fito. Tsofaffin da aka yi wa alkawarin kuwa, kullum ta leƙo ta koma.

A Amurka ma an ga irin haka. A Janairun 2010 majalisar dattawa ta ƙi amincewa da kafa kwamitin rage giɓin kasafin kuɗi wanda dole a kaɗa ƙuri'a kan shawarwarinsa. Sai shugaba Obama ya kafa nasa ta umarnin shugaban ƙasa, ƙarƙashin Alan Simpson da Erskine Bowles, da mambobi 18. Ƙa'ida ita ce sai mutum 14 sun yarda kafin a ce kwamiti ya amince, aka samu 11. Shirin ya taɓa haraji, ya taɓa fansho, ya taɓa kuɗin soja, don haka kowace jam'iyya ta samu abin ƙi a ciki. Da aka kai kasafin da aka gina a kansa gaban majalisar wakilai a 2012, ƙuri'a 38 kacal ya samu, 382 suka ƙi.

To yaushe kwamiti ke aiki? A Amurkar dai akwai misalin da ya cancanci a tsaya a kansa, wato rufe sansanonin soja. Kowa ya san akwai sansanonin da ba a buƙata, amma babu ɗan majalisar da zai yarda a rufe na mazaɓarsa, saboda ayyukan yi. Sai majalisa ta ɗaure hannun kanta tun kafin a san sunan sansani ko ɗaya. Ma'aikatar tsaro ta kawo jerin sunaye, kwamiti mai zaman kansa ya tantance, ya ziyarci wuraren, ya saurari mutanen yankin. Shugaban ƙasa ko ya karɓi jerin duka ko ya mayar da shi duka, ba shi da ikon zare ɗaya. Majalisa na da kwana 45 ta yi watsi da jerin gaba ɗayansa, ba gyara ba ragi, idan kuma ta yi shiru ya zama doka. An yi irin wannan zagaye sau biyar, a 1988, 1991, 1993, 1995 da 2005, aka rufe sansanoni fiye da 350.

Saboda haka idan kun ji an kafa kwamiti, ku nemi takardar sharuɗɗan aikinsa. Ku duba wa'adin, ko ya faɗo kafin zaɓe ko an tura shi bayan zaɓe. Ku duba ko doka ta tilasta a wallafa rahoton, da kwana nawa aka ba gwamnati ta amsa shawarwarin ɗaya bayan ɗaya. Mafi muhimmanci, me zai faru idan gwamnati ta yi gum? A yawancin kwamitoci shiru na kashe rahoto, a na sansanonin soja shiru ne ke zartar da shi. Ku kuma tambaya ko an taɓa kafa wani a kan wannan batu, da inda rahotonsa ya kwana.

Ko wancan tsari mai ƙarfi ma da yardar 'yan siyasa ya rayu. Bayan 2005 ma'aikatar tsaron Amurka ta sha roƙon a sake wani zagaye, majalisa ta ƙi ba da izini.