Karen Bature da Masallacin Ƙofar Gida: lacca kan tattaki bayan an manyanta

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa, in mai gabatarwa bai ƙwace min makirufo ba.

Na farko lissafi ne, mu wuce shi da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a sati, irin tafiyar da za ka ɗan yi haki amma kana iya hira. Shi kuwa taku 10,000 ɗin nan da wayoyin 'ya'yanku ke ta nanatawa, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya fito a Japan a 1965, ba likita ne ya yanke ba. A wani binciken da ya fito a 2019, masu bincike a Harvard sun bi tsofaffin mata sama da 16,000, sai ga shi masu taku 4,400 a rana ma sun fi masu 2,700 tsawon kwana. Ajali na Allah ne, amma ai an ce mu yi sababi.

To yanzu kare. Na ga Baba na gaba ya haɗe rai (dariya), Baba a yi haƙuri, ba cewa zan yi a sayo ba.

A Norfolk ta Ingila an ɗaura wa dattawa sama da 3,000 na'urar auna motsi a ƙugu na sati guda, sakamakon ya fito a 2017. Masu fita da karnukansu, ranar da ake tsananin sanyi ga ruwa ga duhu da wuri, sun fi marasa kare motsi a ranar da gari ya yi daɗi. Ku sake ji fa, ranarsu mafi muni ta fi ranar waɗancan mafi kyau! Me ya sa? Kare bai san ana ruwa ba. Zai zo bakin ƙofa yana karta yana kuka, tsoho yana so baya so sai ya zura riga ya fita. Kenan ba kare ne maganin ba, dolen ce. Dolen ce wallahi.

Mu karenmu na farauta ne da gadi da bin shanu, ba wanda zai sa masa igiya yana zaga unguwa sai a ce Alhaji ya zautu. Amma muna da dolen da ta fi tasu, ladan na kiran sallah sau biyar a rana. Banu Salima, wata ƙabila a Madina, da suka so tasowa kusa da masallacin Annabi (SAW), cewa ya yi su zauna a gidajensu ana rubuta musu takunsu. Mu kuma fa? Yaro ya samu kuɗi, abin da zai fara shi ne gina wa Baba masallaci a ƙofar gida, taku goma ya isa sahu, Juma'a a mota, kasuwa a adaidaita, buta ma jika ke miƙowa, kowa na "Baba ka huta, Baba ka huta" har naman cinya ya zube, ranar da zai tashi daga tabarma sai an kama shi. Soyayya ce, na sani, amma tana kwantar da mutum.

Na uku... au na biyu ne ko? Ku dinga tsayuwa da ƙafa ɗaya kuna dafe da bango, kwana uku a sati, saboda faɗuwa a banɗaki ita ke karya ƙugu. Na'am Hajiya, a miƙa mata makirufo.

(Tambaya: mu mata a ɗaki muke sallah, ga ciwon gwiwa, ya za mu yi?)

Yawwa Hajiya, kin gama min laccar. Ki karɓe rakiyar jika zuwa Islamiyya, shi ma kamar ladan ne, ba zai bar ki ki zauna ba. Ko ku ƙulla da maƙwabciya bayan la'asar, kunyar ta zo tana sallama ke kina kwance ta isa ta tashe ki. Gwiwa kuma zama na ƙara mata tsami, ki fara da minti goma a wuri mai laushi, da takalmi mai rufi ba silifas ba. In akwai suga a duba tafin ƙafa duk dare. Amma in ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe ki, ki tsaya nan take, sai asibiti. Akwai wata tambayar?