Wa ya saka wannan fasta a cikin gilashi?

[Hoto: rumfar jiran bas a birnin Faris, fasta tana haske a cikin gilashi]

Jama'a, ku dubi hoton nan da kyau. Tambarin Volkswagen ne, salon rubutun ma irin nasu ne. Abin da aka rubuta kuwa shi ne: "Muna ba da haƙuri da aka kama mu." Duk sanda hoton nan ya sake yawo a intanet sai gardama ta kaure, wasu su ce kamfanin ne ya yi ta maza ya amsa laifinsa, wasu su ce haɗin kwamfuta ne. To, takarda ce ta gaske a cikin gilashi na gaske, kuma kamfanin ma ganinta ya yi kamar kowa.

Watan Nuwamba ne na 2015. Wata biyu kafin nan asirin Volkswagen ya tonu, cewa ya saka wa motocinsa na dizal manhajar da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi. Faris na shirin karɓar taron duniya kan sauyin yanayi, an kuma hana zanga-zanga saboda harin ta'addancin da aka kai birnin ranar 13 ga watan. Sai wata ƙungiya daga Birtaniya mai suna Brandalism ta cika allunan talla kusan 600 da aikin masu zane 82 daga ƙasashe 19.

[Tsofaffin hotuna, a jere da sauri]

Ba su suka fara ba. A 1977 aka kafa Billboard Liberation Front a San Francisco, masu hawa manyan alluna su sauya kalma ɗaya ko biyu, ma'ana ta juye. A 1979 'yan BUGA UP a Sidni ta Ostireliya suka tasa tallan sigari a gaba da gwangwanin fenti, har da likitoci a cikinsu. Daga 1980 kuma mai zane Keith Haring ya riƙa zane da farin alli a kan baƙar takardar da ake rufe allunan da ba a saya ba a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York. An kama shi ba sau ɗaya ba.

[Bidiyo: mutum biyu a bakin rumfar bas, da rana tsaka]

Yauwa, nan ne inda ake samun ruɗani. Da an ce mai zanen titi, abin da ke zuwa wa mutum shi ne dare, fuska a rufe, a fesa fenti a ranta a na kare. Ku kalli waɗannan biyun. Rana tsaka ce. Rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikatan titi ce a jikinsu. Ɗaya ya zura ɗan makulli a ƙasan akwatin, gilashi ya ɗago. Ya zare tallan, ya naɗe shi tsaf kamar mai shirin mayarwa, ya maƙala nasa, ya rufe, har yana goge sawun yatsunsa da hannun riga. Matar da ke jiran bas ko kai ba ta ɗago daga wayarta ba. Me zai sa ta ɗago? Wa ke tambayar mai rigar aiki da makulli a hannu?

Ba a fasa komai ba, kuma da gangan ne. Takardar daidai girman ta kamfani aka buga ta, wajen santimita 120 a faɗi, 180 a tsawo. An kwaikwayi launi, an kwaikwayi yanayin magana. Da magariba fitilar cikin akwatin za ta haska ta kamar yadda take haska kowane talla.

Me ya sa duk wannan wahala? Tallan da aka yi wa jagwalgwalo da fenti, tun daga nesa ido ya san ɓarna ce, sai ya wuce. Wannan kuwa sai ka karanta ka yarda, sannan can bayan daƙiƙa biyu ka ce, tsaya, me suka ce? Wannan ɗan tsayawar ita ake nema. Shekara da shekaru mun saba duk abin da ke cikin gilashin nan da izini ya shiga, mai zanen kuma wannan sabon ya ara ya yi amfani da shi.

[Hoto ɗaya: tsohuwar rumfar bas, baƙi da fari]

Bidiyo ya ƙare mana a nan, sai ku yi haƙuri da hoto ɗaya, don maganar tana da ɗan tsawo. Izinin wa? A 1964 wani Bafaranshe, Jean-Claude Decaux, ya je wa hukumar birnin Liyon da tayi: zai kafa rumfunan jiran bas kyauta, ya riƙa wankewa yana gyarawa, shi kuma a bar masa gefen rumfar ya sayar da talla. Kamfaninsa, JCDecaux, yau yana cikin mafiya girma a duniya a wannan harka, kuma akwatunansa ne aka buɗe a Faris. Ni dai ban ga wautar birnin ba, wanda ruwan sama ya taɓa duka yana jiran mota ya san darajar rufi. Sai dai abin da aka biya da shi idon masu wucewa ne. Rediyo kana iya kashewa, talabijin ka canza tasha, amma ba ka tafiya a titi ido a rufe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka fa ba ruwanta da wannan hujja. Buɗe akwatin wani laifi ne, ana kamu, ana cin tara. Wani lokaci kuma abin ya zo da ban dariya. A 2009 wani mai zane, Jordan Seiler, ya tara masu sa kai a New York suka shafe alluna sama da 100 da farin fenti, allunan da ya ce an kafa su ba da lasisi ba. 'Yan sanda da suka zo, masu buroshi suka kama.

Akwai abin da nake ganin masu zanen ba su cika son a faɗa ba. Fastar ba ta daɗewa, da ma'aikacin kamfani ya zagayo ya cire ta. Waɗanda suka gan ta a titi ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da waɗanda suka ga hotonta a waya. Kenan rabin aikin don kyamara ake yin sa, kuma kamfanoni ma sun koyi salon, har suna ɗaukar masu zanen titi haya.

[Bidiyo: ƙarafunan alluna tsirara a Sao Paulo]

Inda alluna suka sauka da gaske, doka ce ta sauke su. Sao Paulo ta Birazil ta fara aiki da dokar tsaftace birni a 2007, zamanin magajin gari Gilberto Kassab, aka cire manyan alluna kusan 15,000. Grenoble ta Faransa ta ƙi sabunta kwangilar JCDecaux, a 2015 aka tuge alluna 326, amma tallan rumfunan bas ya zauna, don wannan wata kwangila ce daban.

[Bidiyo: allon lantarki yana sauya talla]

Yanzu kuma takarda tana ba wa allon lantarki wuri, talla na sauyawa duk bayan 'yan daƙiƙu, daga ofis ake turo shi ta intanet. Babu abin da za a zare a naɗe. Shi ya sa a Birtaniya ƙungiyoyi irin su Adblock Bristol, wadda aka kafa a 2017, suka koma bin takardun neman izinin kafa sababbin alluna ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta ƙorafi ga majalisar birni tun kafin a haƙa ramin kafa ƙarfen.